Tsumman Innarki a Ƙarƙashin Ƙafata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, mai sunan mahaifiyata, wadda bakina bai taɓa iya kira da komai ba sai Mamana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga babanki, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, tunda ga motsinki nan ina jiyowa ta bango. Allah Ya tsare min ke a gida da kan hanya, inda idona yake kaiwa da inda ba ya kaiwa.

Za ki yi mamakin a ce mutum ya rubuta wa wadda suke cin tuwon tukunya ɗaya wasiƙa. To, kin san halina, na san naki. In na buɗe baki za ki ce, "Baba, don Allah a bar maganar nan," ki sunkuyar da kai, ni kuma nauyi ya kama ni in koma zancen ƙusa da katako. Takarda kuwa ba ki isa ki katse ta ba. Shi ya sa na ɗora ta a kan akwatinki, wanda na ga an fara kwashe kayan cikinsa ana mayarwa durowa.

Innarki ta gaya min. Kada ki ga laifinta, matsa mata na yi. Ta ce kin ce za ki buga wa mutanen Abuja waya, ki ce su ba wani aikin, ke ba za ki je ba. Na kuma san ranar da kika yanke wannan shawara. Ranar Talata ce, a benen Hajiya Dudu a Dawaki, da na durƙusa in nuna miki inda katakon bai sha mai ba, na zo tashi gwiwoyin suka ce ba su san zancen ba. Kika yar da tsumma kika ɗago ni. Kika ɓoye damuwarki har muka iso Madaki a keken napep. Amma na ga idonki. A ranki cewa kika yi, in na tafi wa zai durƙusa masa?

Ina so ki tafi, Mamana. Wannan ita ce maganar gaba ɗayanta. Amma tunda ke 'yar babanki ce, ba a ce miki yi ki yi sai an kawo dalili, bari in bi da ke ta doguwar hanya.

Kin taso kin tarar da daɓen katako a ɗakin Innarki, kina rarrafe a kai, ba ki taɓa tambayar yadda aka yi ya zo nan ba. Lokacin da aka haifi Hammanki, wato yayanki Usmanu, ciwon sanyi ya kama Innarki a ƙafa. In ta taka siminti da asuba sai ka ga ta cije leɓe. Ni a lokacin kafintan ƙofa da gado ne, ban san komai a kan daɓe ba. Sai na riƙa tara guntayen maɗaci da suka rage a shago, na feƙe su, na jera mata a ɗaki. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo suna dariya. Wani ya ce na shirya wa gara walima. Ban kula su ba. Da na gama, sai maganar abin shafawa ta taso. Banish ba zai yiwu ba, ga jariri a ɗaki, warinsa ko babba yana hawa masa kai. Sai na ce a raina, ai mai mai ne. Na ɗauki kwalbar man gyaɗan Innarki, wanda ta matse da hannunta wajen ƙuli-ƙuli, na malale ɗakin da shi.

Wallahi ranar farko ki zo ki ga kyau. Maɗacin nan ya yi ja wur, ina tsaye ina hura hanci. Ba a jima ba kiyashi suka ji labari, suka zo da danginsu kaf. Man ya ƙi bushewa, duk abin da ya faɗi ƙasa ya manne, tabarma ta yi baƙi, sannan wani irin hamami ya tashi. Innarki ta dube ni ta ce, "Malam, ɗaki ka yi min ko kaskon suya?" Sai na fice.

Wanda ya cece ni Baba Yakubu ne. Ba ki riske shi ba. Tsoho ne Batangale, shagonsa na jikin namu, ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran tsofaffin gidajen ma'aikata masu daɓen katako. Na daɗe ina jin nauyin gaya masa, don ina ganin zai raina ni. Da abin ya ishe ni na faɗa masa. Ran Lahadi, daga coci bai ko biya gida ba, sai ga shi a kan kekensa. Ya yi sallama, Innarki ta koma ɗakin girki, ya shiga ya shaƙa sau ɗaya, ya zauna a bakin ƙofa ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama ya cire rigar cocinsa ya rataye a ƙusa, ya ce, "Buba, kawo abin kankara." Tare muka kankare ɗakin nan tas. Shi ya nuna min man linsid, irin wanda yake shiga cikin katako ya bushe a can. Shi ya nuna min yadda ake narka kakin zuma a cikin gwangwani, gwangwanin kuma a cikin ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba. Ya ce min, "Abin da katako ya sha shi ne naka. Abin da ya rage a sama goge shi tas, in ba haka ba danƙo zai zama." Da na yi yunƙurin yi masa ihsani sai ya ɓata rai, ya ce in ina son biyansa in daina shafa wa katako kayan miya.

Duk abincin da kika ci a gidan nan, da kuɗin makarantarki, ta hannun tsohon nan Allah Ya kawo su. Har gobe in na buɗe gwangwanin kaki sai na tuna shi, kuma ina gode wa Allah da Ya sa shagona a jikin nasa. To, inda za ki, za ki tarar da mutanen da ba yarenku ɗaya ba, ba alƙiblarku ɗaya ba. In kin ga wanda ya fi ki sanin abu, ki matsa kusa ki tambaya tun kafin kiyashi su zo. Ni jin nauyin tambaya ya sa Innarki ta yi makonni tana shayar da jariri a ɗaki mai wari.

Na san kin san aikin nan, a wasu wuraren ma kin fi ni. Kin yi karatun tsara ɗakuna, kin ga irin man da ake haɗowa da kaki a gwangwani ɗaya daga waje, ni sai a wayarki na gan shi. Amma uba ne ni, dole in maimaita. A shafa kaɗan. A bi yadda zaren katakon ya kwanta, kada a gitta shi. A ba shi lokaci ya sha, a goge har tsumma ya fito a bushe. Da damina kada ki yarda da idonki, ki sa bayan hannu ki ji, don a sama zai nuna miki ya bushe alhali da saura. Masu gida za su tsaya miki a ka, baƙi na zuwa, a yi sauri a ƙara shafi. Ki ba su haƙuri da murmushi, amma kada ki ƙara. Sannan tsummokaran da suka sha mai, don girman Allah kada ki bari a cusa su a buhu. Ni na taɓa cusawa, na tafi sallar la'asar, telan da ke kallon shagonmu ne ya ga hayaƙi yana fita ta ƙasan ƙofa, ba wanda ya kai ashana wurin. Allah Ya saka wa telan nan. A shanya su ɗai-ɗai a fili, ko a tsoma su a bokitin ruwa. Ki faɗa wa masu taya ki aiki, gobe ki sake faɗa, ko da za su ce kin cika mita.

Yanzu bari in gaya miki yadda aka yi kika shigo sana'ar nan, don na san a ganinki kawai tasowa kika yi kika gan ki a ciki.

Aikina na farko babba shi ne benen nan na Dawaki, lokacin mijin Hajiya Dudu yana da rai. Gida ne na kulle, namiji ba ya wuce zaure. Da za a yi aikin sai da aka kwashe matan aka mayar da su wani sashe. Na kankare, na bi da sanfefa, na shafa, na goge, benen nan ya fito har ni kaina na tsaya ina kallo. Da na gama na sami Alhaji a zaure na yi masa bayani tiryan-tiryan. Kada a kwara ruwa. Kada a sa garin sabulu. Kada a ajiye kaskon turaren wuta a kai sai da faifai ko tasa a ƙasa. Yana jan carbi yana cewa, "To, madalla. To, madalla." Na tafi ina ganin na sauke nauyi.

Sai biki ya taso a gidan. Mata kuwa in biki ya zo kin san yadda ake yi, a ɗebo bokitai, a kwara, a bi da tsintsiya, kamar yadda aka saba yi wa siminti tun kakanni. Haka aka yi wa benen. Da aka aiko min na je, na tarar katakon ya kumbura, gefunansa sun ɗaga, jan nan ya koma toka-toka. Na dawo gida ina ta bambami, ina cewa mutane ba su san darajar abu ba. Innarki tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Wa ka gaya wa kada a sa ruwa?"

Na ce, "Alhaji mana."

Ta ce, "Alhaji ne yake shara?"

Washegari da zan koma gyara, ta yi miki wanka ta ɗaura miki ɗankwali, kina 'yar firit, haƙoranki na gaba sun zube. Ta ce, "Tafi da ita. Inda ba ka shiga ita za ta shiga." A hanya na yi ta biya miki kina maimaitawa. Ina zaure ina jiyo muryarki daga ciki, kina cewa, "Baba ya ce a matse tsumma sosai, wai katako ba ya son wanka." Gidan ya ɗauki dariya. Hajiya Dudu ta cika miki hannu da dakuwa, ta aiko ki da saƙo, wai a gaya wa kafinta sun ji, kuma laifin ba na kowa ba ne, ya gyara kawai. Matar nan da ta so da ta sa an kore ni, an kira masu tayil. Ba ta yi ba. Ta riƙe ni, ta kuma yi min hanya a gidajen 'yan'uwanta har Pantami. Alherinta ba zan iya biya ba, sai dai addu'a.

Daga ranar kika zama bakina a cikin gidaje. Daga kai saƙo kika koma nuna musu da hannu, daga nan kika karɓe tsumman gaba ɗaya. Ban taɓa ce miki na gode ba, don a wajenmu uba ba ya faɗa wa 'yarsa haka, sai dai ya ce Allah Ya yi albarka ya kau da kai. To yau na faɗa a takarda. Na gode, Mamana. Ƙawayenki suna gidan biki ke kina durƙushe a benen mutane, hannunki na warin mai, ba ki taɓa ɓata min fuska ba.

Abin da nake so ki ɗauka daga wannan shi ne, a can ma haka za ki tarar. Mai gida ne zai kira ku, shi zai yaba, shi zai ce madalla. Amma ba shi ne zai yi shara ba. Kafin ki bar kowane gida ki nemi wadda take riƙe da tsintsiya. Ki tambayi sunanta, ki gaishe ta da kyau, ki durƙusa tare da ita ki nuna mata. Ki gaya mata gaskiya, cewa daɓen mai da kaki ba ya ƙyalli irin na gilashi, kuma yana son a riƙa waiwayarsa. Amma ki nuna mata daɗinsa, in kujera ta karce shi, wurin kaɗai za a shafa a goge ya koma, ba sai an kankare ɗaki duka ba kamar na banish. In ta gane, aikinki zai daɗe. In ba ta gane ba, ko da zinare kika shafa, damina ɗaya ta ishe shi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro.

Tun ranar da Baba Yakubu ya gyara mana ɗakin nan, Innarki ce take kula da shi. Kin san yadda take yi. Ta ninke tsohon zane, ta jefa ƙasa, ta taka da ƙafa, tana tafe tana murzawa, wani lokacin da goyo a bayanta, wani lokacin tana jan carbi. Ni kuwa duk ranar da na kama ta sai na yi faɗa. In ce, "Katako da hannu ake yi masa, a durƙushe. Wannan ai raini ne." Ta ce, "To, Malam." In na fita ta ci gaba da abinta. Shekara da shekaru muna wannan. Kuma duk daɓen da na yi a garin Gombe babu wanda ya kai na ɗakinta laushi da kyau. In baƙo ya yaba sai in gyara zama in ce ai jerin ne ya yi daidai.

Ran Alhamis, da kuka tafi kasuwa da matar Hammanki, na tsaya a ƙofar ɗakin ina kallon ƙasa. Gaskiya raina a jagule yake. Ina tunanin sallah ma yanzu a kan kujera nake yi, ga 'yata za ta ajiye abin da ta yi wa karatu saboda gwiwata. Ban ankara ba sai na ji abu ya faɗo a kan ƙafata. Zanen Innarki ne a ninke.

Ta ce, "Taka."

Na ce, "Ni?"

Ta ce, "Gwiwar ce ta gaji, ƙafar ai tana nan. Riƙe sandarka ka taka, ba mai ganinka."

Na tsaya ina muzurai, ita kuwa ta ɗauko gwangwanin kaki ta ɗaura tsumma a bakin muciya, ta shafa a gaban gado siriri, yadda ake so. Muka jira ya sha iska. Na cire takalmi na taka. Mamana, ashe nauyin jikin mutum gaba ɗaya yana sauka a kan tsumman nan, abin da hannu ba zai taɓa bayarwa ba. Kafin in kai bango katakon ya ɗau ɗumi ya fara sheƙi. Na juyo na sake bi. Innarki ta zauna a bakin gado ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ce, "Dariyar me kike yi?" Ta ce, "Ba komai, Malam. Raini nake kallo."

Na yi dariya har sai da na dafa bango. Rabon da in yi irin wannan dariya tun kafin ciwon nan. Da na nutsu na ce mata ta yafe min faɗan da na yi ta yi mata. Ta ce ita ba ta ma jin sa, tun tuni ta mayar da shi kamar kukan kaji. Allah Ya ba ni mace, ni dai na sani. Ke ma in Allah Ya kawo miki wanda zai gaya miki gaskiya yana dariya, a wurin aiki ne ko a gidan aure, kada ki ɗau shekarun da na ɗauka kafin ki saurara.

Ran Juma'a da safe, kina tsammanin asibiti na tafi, Dawaki na je. Kusurwar nan da muka bari ran Talata, na ƙarasa ta a tsaye. Yanzu tsufa ya ɗauke kulle tsakanina da Hajiya Dudu, tana zaune a kujerarta tana kallona ina murza ƙafa. Da na gama ta sa aka kama ta, ta taka wurin da na yi, ta taka wurin da kika yi, ta ce ita ba ta ji bambanci ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ƙafa ba ta shiga lungu, ba ta hawa matakala. Ina cikin tunanin wannan sai Lami, mai yi wa Hajiya aiki, wadda kika koya wa da hannunki, ta karɓi tsumma ta durƙusa ta bi lungunan tas. Yadda take karya wuyan hannu, naki ne sak. Na lissafa gidajen da muke zuwa, babu inda ba ki bar mace ɗaya da ta iya ba. Kankara da sanfefa kuwa, in sabon aiki ya zo, Hammanki ya ce ranar Asabar tasa tawa ce. Da zan fito Hajiya ta ce, "Buba, na ji wai 'yar kafinta za ta fasa tafiya. Ka gaya mata in ta fasa, kada ta ƙara tako min bene."

Ba zan ce miki ba zan yi kewa ba. Zan yi, sosai ma. Zan juya a keke in yi miki magana in tarar da wani ne a zaune. Amma wannan kewar ina iya ɗaukarta. Wadda ba zan iya ɗauka ba ita ce in riƙa ganinki a tsakar gida kullum, na san gwiwata ce ta zaunar da ke.

A ƙasan akwatinki, gefen dama, na sa miki gwangwani ɗaya na haɗina. Kakin daga wurin masu zuman nan na wajen Tula ne. Na san kamfaninku suna da nasu na zamani, ba don aiki na ba ki ba. Ranar da garin ya yi miki faɗi, ki buɗe ki shaƙa. Na naɗe shi da rabin zanen Innarki, ɗaya rabin yana wurina, da shi nake aiki yanzu.

Jiya na sake bin ɗakinta gaba ɗaya, daga ƙofa har ƙarƙashin taga, ni kaɗai, a tsaye. In kin gama karanta wannan, ki cire takalmi ki shiga ki taka. Ke ce mai duba aikina tun kina yarinya, ba ki taɓa yi min kara ba, yau ma kada ki yi. In kin ji danƙo ko a wuri ɗaya ne, ko kin ga inda aka tsallake, na yarda, ki buga wayarki ki zauna, ba zan ƙara ce miki komai ba. In ba ki ji ba, to ki bar wayar nan a inda take, Hammanki zai kai ki tasha.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya. Ya haɗa ki da irin su Baba Yakubu da Hajiya Dudu a inda ba ki san kowa ba. Ya tsare miki mutuncinki da sallarki, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa albarka a hannun nan naki. Ya ba ki gwiwoyi masu ƙarko fiye da nawa. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake na duba ban ga abin yafewa ba.

Ni dai na taka ɗakin da ƙafata, na san abin da za ki ji. Ki mayar da kayanki cikin akwati, Mamana.

Wassalam.

Mahaifinki,
Buba Kafinta
Madaki, Gombe